Idan Za Ka Je Kallon Bob Dylan, Bar Kaset Ɗinka a Gida



Kwanakin baya ɗan ƙanena da ke karatu a Turai ya bugo mini waya, muryarsa cike da zumuɗi. Ya ce, "Baffa, na kalli fim ɗin Bob Dylan, kuma na ji zai yi wasa a kusa da mu. Kuɗin tikitin da tsada, amma ina so in je. Kai da ka taɓa kallonsa, me zan tarar?" Fim ɗin da yake nufi shi ne A Complete Unknown, wanda ya fito a ƙarshen 2024, inda Timothée Chalamet ya fito a matsayin Dylan yana saurayi, da jita a rataye, yana girgiza birnin New York a farkon shekarun 1960. Na ce masa, "Ɗana, wancan saurayin ba shi za ka tarar ba. Zauna in ba ka labari." Abin da na gaya masa shi zan gaya muku yau.

Ga wanda sunan bai saba da kunnensa ba, mai yiwuwa ya taɓa ganin mutumin bai sani ba. Duk wanda ya kalli bidiyon We Are the World, waƙar da mawaƙan Amurka suka taru suka yi a 1985 don tara gudummawa ga mutanen Habasha da yunwa ta addaba, ya ga wani mai cukurkuɗaɗɗen gashi, mai murya kamar ta hanci, yana jan kalmomi ta wata hanya dabam da ta kowa. To shi ne. An haife shi ranar 24 ga Mayun 1941 a garin Duluth na jihar Minnesota, sunansa na yanka Robert Zimmerman. Shi yake rubuta waƙoƙinsa, shi yake sa musu kari, shi yake rerawa. Ya yi waƙa a gangamin birnin Washington na 1963, ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa. Lokacin da ya sayar wa kamfanin Universal haƙƙin waƙoƙinsa a ƙarshen 2020, adadinsu ya haura 600. A 2016 kuma aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin adabi.

Ni na kalle shi ne a watan Oktoban 2022, a zauren Palladium da ke Landan, yana da shekara 81. Tun daga bakin ƙofa za ka gane yau ba irin wasan da ka saba ba ne. Ma'aikaci zai miƙo maka wata 'yar jaka mai launin toka, ya ce ka saka wayarka a ciki. Kana sakawa bakinta ya kulle ƙam. Jakar tana hannunka, wayar tana cikinta, amma ba za ta buɗu ba sai an tashi ka fito ka taɓa ta a jikin wani maganaɗisu. Na ga wani dattijo yana jujjuya tasa a hannu kamar wanda aka raba da carbinsa. Wannan doka ba ta faɗo haka kawai ba. Dylan ya daɗe yana ƙin a riƙa ɗaukarsa hoto yana aiki. A watan Afrilun 2019, a birnin Vienna na Ostiriya, ya taɓa katse waƙa a tsakiya saboda masu ɗaga waya, ya ce wa jama'a su zaɓa: ko su yi kiɗa, ko su tsaya a yi musu hoto.

Ka zo da wuri, domin lokacin da aka rubuta a tikiti shi ne lokacin da ake farawa. Babu wani ƙaramin mawaƙi da zai share masa fage, babu sanƙira mai yi masa kirari, babu manyan allunan talabijin da za su kusanto maka da fuskarsa. Fitilu suka dushe, mutum 6 suka shigo cikin baƙaƙen kaya, hasken da ke dandamalin daga ƙasa yake tasowa, ruwan ɗorawa mai laushi, kamar na fitilar ƙwai a zauren gida. Shi kuwa ya wuce bayan fiyano. Daga inda nake zaune, idan ya zauna, tozon gashinsa kawai nake hangowa. Wanda ya zo da hoton Dylan mai jita a ransa, to ya sani cewa tun farkon shekarun 2000 Dylan ya koma kan fiyano da dangoginsa, jita sai jefi-jefi.

Yanzu ga babbar maganar. Waƙa 17 ya yi a daren, cikin ƙasa da awa 2, ba hutu. Guda 9 daga cikinsu na sabon faifansa ne, Rough and Rowdy Ways, wanda ya fito a watan Yunin 2020. Ku tsaya ku auna wannan. Mutum yana da rumbu cike da waƙoƙin da duniya ta haddace tun shekara 50 da suka wuce, amma fiye da rabin wasansa ya ba wa waɗanda bai fi shekara 2 da 'yan watanni da fitarwa ba. Babu Blowin' in the Wind, babu Like a Rolling Stone. Matar da ke zaune a gefena, wadda za ta kai shekara 70, ta juyo a tsakiyar wasa ta tambaye ni a hankali ko ina ganin zai yi waƙar da aka sa ranar bikinta. Na ce mata ban zata ba. Ta gyaɗa kai, ta haɗe hannuwanta a kan cinya, ba ta sake magana ba. Har yau ina tuna fuskarta, kuma ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Ta biya kuɗinta, ta taho da wani abu a zuciyarta, ta koma da shi yadda ta zo da shi.

Ko tsofaffin da ya yi ɗin ma, sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane su. Sai a kai baiti na biyu ko na uku, sannan ka ji wani sashe na zauren ya ɓarke da tafi, wato yanzu ne suka gano wace waƙa ce. Karin ya canja, saurin kiɗan ya canja, inda da yake jan murya yanzu ya datse, inda da yake datsewa yanzu ya ja. Wani lokaci har kalmomin yakan sauya. Gotta Serve Somebody, wadda ta samo masa lambar Grammy a 1980, ya rera ta a rangadin da ya kawo shi Landan da sababbin baitoci da ba su cikin faifai. Idan ka yi niyyar bin sa da amshi kamar yadda ake yi a wasannin wasu mawaƙa, za ka tsinci kanka kana rerawa kai kaɗai, shi ya riga ya bi wata hanya.

Mutanen Turai da Amurka da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin baƙon hali, har wasu na cewa wulaƙanta masoya ne. Ni kuwa a daren nan abin da ya faɗo mini a rai shi ne Alhaji Mamman Shata. Duk wanda ya girma yana jin kaset-kaset ɗin Shata ya san cewa Bakandamiya ba ɗaya ba ce. Wadda aka ɗauka a wannan gari dabam, wadda aka ɗauka a wancan taro dabam, amshin yana nan, amma baitocin suna shiga suna fita gwargwadon wuri da lokaci da yanayin da mai waƙar ya tashi da shi. Ba wanda ya taɓa zuwa wasan Shata ya ce an cuce shi don bai ji abin da ke cikin kaset ba daidai wa daida. Kaset ɗin shaidar rana ɗaya ce kawai, waƙar kuwa tana tare da mai ita, tana girma tare da shi. Mu wannan fahimtar a jininmu take. Masana'antar faifai ce ta koya wa duniya cewa abin da aka naɗa a ɗakin ɗaukar sauti shi ne asali, wasan dandamali kuma kwaikwayonsa. Dylan bai taɓa yarda da wannan ba. A wurinsa faifai daftari ne, aikin gaske a gaban jama'a ake yin sa, kowane dare.

Sai dai akwai inda suka rabu, kuma ya kamata ɗan ƙanena ya san wannan kafin ya cire kuɗinsa. Shata yana sauya waƙa ne yana kallon taro. Ya hango wane ya shigo, ya jefa sunansa, ya tuna wani alherin da aka yi masa, ya saka. Kai ma ɗan kallo kana da hannu a ciki: ka tashi ka yi liƙi, ka raɗa wa maroƙi waƙar da kake so, a juya kalangu a ɗauko ta. Dylan kuwa yana sauya waƙa ne yana kallon waƙar kanta. Ko ka kwana kana kiran sunan wadda kake so, ba zai waiwayo ba. Jerin waƙoƙin a tsare yake tun kafin a shigo, kuma a wannan rangadi kusan iri ɗaya ne daga gari zuwa gari, canjin yana cikin yadda ake yin su ne. Tikitinka ya saya maka kujera da damar saurare, bai saya maka ikon zaɓe ba.

Wannan taurin kai ba tsufa ne ya kawo shi ba. Ranar 25 ga Yulin 1965, a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport, ya hau dandamali da jita mai lantarki da makaɗa masu ƙara, alhali jama'a sun zo jin saurayin nan mai jitar katako da waƙoƙin gwagwarmaya. Wasu suka yi masa ihu. Shekara ta zagayo, a watan Mayun 1966 a birnin Manchester na Ingila, wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya kira shi Yahuza, wato maci amana. Amsar da ya bayar ita ce ya juya ya umarci makaɗansa su ƙara wa kiɗan ƙarfi. A ƙarshen 1979, bayan ya rungumi addinin Kirista, ya yi wasanni a San Francisco da wasu garuruwa inda bai rera ko ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙinsa ba, sai sababbi na addini, har da wa'azi a tsakani. Daga 2015 zuwa 2017 kuma ya fitar da faya-fayai 3 na tsofaffin waƙoƙin soyayya na Amurka irin waɗanda Frank Sinatra ya rera, ya cusa su cikin wasanninsa. A kowane zango akwai masoyan da suka yi fushi suka tafi, akwai kuma waɗanda suka zauna, daga baya suka riƙa alfahari da cewa suna wurin.

Abu ɗaya da ya tsaya mini a wuya, ba zan ɓoye ba, shi ne ƙarancin gaisuwa. Bahaushe ko kasuwa ya shiga sai ya yi sallama, balle mutum sama da 2,000 sun bar gidajensu cikin sanyi sun zo dominka. Dylan ba ya cewa barkanku da zuwa, ba ya ba da labarin yadda aka yi ya rubuta waƙa kaza. Akwai shekarun da yake gama wasa kaf bai ce uffan ba in ban da waƙa. Ranar da aka sanar da ba shi Nobel, 13 ga Oktoban 2016, yana da wasa a Las Vegas, ya hau ya sauka bai ambaci maganar ba. Bikin ba da lambar ma a watan Disamba bai je ba, sai a Afrilun 2017 ya karɓa a Stockholm, a wani ƙaramin zama, lokacin da rangadi ya kai shi garin. A daren da na kalle shi, ya ce na gode 'yan lokuta, can wajen ƙarshe ya gabatar da makaɗansa ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu ko uku ya fito daga bayan fiyano, ya tako a hankali zuwa tsakiyar dandamali, ya dafa ƙugu da hannu ɗaya, ya tsaya yana kallonmu na 'yan daƙiƙoƙi, ya koma. Gaisuwar tasa ke nan. Na so a ce ya ƙara, har yanzu ina ganin kalma biyu ba za ta rage shi da komai ba. Amma na lura cewa duk ƙarfin da wani zai kashe wajen zolayar taro, shi a cikin furta kalmomin waƙa ya zuba shi.

Kuma a nan ne ribar take. Muryar ta tsufa, ta dushe, tana da kaushi kamar tsohuwar fatar kalangu. A ƙarshen shekarun 2000 ta kai wani hali da ko Baturen asali yakan kasa tsintar kalmomin. Amma a kunnena, tun bayan faya-fayan nan na waƙoƙin Sinatra ta gyaru, ya koyi yi mata tattali, ya daina tilasta mata abin da ba za ta iya ba. Sababbin waƙoƙin kuma an ɗinka su ne daidai wuyan tsoho, rabi rerawa rabi magana, makaɗa suna yin ƙasa-ƙasa don kalma ta fito. Da ya zo kan Key West, doguwar waƙa mai tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya, zauren ya yi tsit. Ba hasken waya ko ɗaya, ba mai motsi. Ina jin numfashinsa a lasifika kafin kowane baiti. Ya riƙe wata kalma ya ƙi sakinta har sai da na ji kamar kiɗan zai wuce ya bar shi, sannan ya sake ta daidai kan gaɓa. A wannan lokacin ne na gode wa 'yar jakar nan da ta kulle mini waya. Na daɗe ban zauna cikin mutum dubbai da hankalinsu ke wuri ɗaya ba.

Ku kuma sa ido kan makaɗan, domin kallo ne mai zaman kansa. Ba taro suke kallo ba, idanunsu na kan hannuwan maigidan. Tony Garnier, mai kaɗa babbar jitar nan mai kauri, yana tare da shi tun 1989, ya fi kowa daɗewa, kuma za ka ga yana leƙen fiyanon yana yi wa sauran ishara da kai. Dalili shi ne ba su da tabbacin inda tsohon zai karkata. Zai iya kama wani ɗan sauti a fiyano ya nace masa, ya yi ta maimaitawa, dole su bi shi su gina masa gida a kai. Wani dare abin ya haɗu ya yi kyau har tsigar jikinka ta tashi. Wani dare kuma ya watse, ka ji fiyanon na karo da jita. Duk wanda ya ce maka kowane wasan Dylan gwanin daɗi ne bai gaya maka gaskiya ba. Mai ƙera abu sabo a gaban idonka dole wata rana guduma ta kuskure.

Me ya sa har yanzu bai zauna a gida ba? Ba don kuɗi ba ne, wanda ya sayar da rumbun waƙoƙi irin nasa ya wuce neman na cefane. Tun ranar 7 ga Yunin 1988 ya ɗauki hanya, abin da 'yan jarida suka laƙaba wa suna rangadin da ba ya ƙarewa, ko da yake shi ba ya son laƙabin. Shekaru da dama yana yin wasa kusan 100 a shekara, kuma ba manyan birane kaɗai ba, har ƙananan garuruwan da manyan taurari ba sa waiwaya. A 1997 wata cuta ta kama shi a kewayen zuciya, ta kwantar da shi a asibiti, bayan 'yan watanni ya koma kan hanya, har ya yi waƙa a gaban Fafaroma John Paul na 2 a birnin Bologna a watan Satumban shekarar. Zuwa 2019 wasannin wannan rangadi sun kai 3,000. Annobar korona ce ta dakatar da shi a 2020, ya dawo a watan Nuwamban 2021. Ni dai abin da na gani a dandamalin nan mai sana'a ne da ya ɗauki sana'arsa da gaske, irin tsohon maƙerin da 'ya'yansa suka yi arziki suka ce ya huta, amma kullum da safe sai ka ji ƙarar uwar maƙera daga rumfarsa.

Don haka na ce wa ɗan ƙanena abu uku. Ya nemi faifan Rough and Rowdy Ways ya saurara sau da yawa kafin ranar, ya karanta kalmomin, don Turancin Dylan cike yake da sunayen mutane da wurare da tarihin Amurka, wanda bai shirya ba zai zauna kamar baƙo a taron dangi. Ya duba jerin waƙoƙin da aka yi a garuruwan baya, masoya suna wallafa shi a intanet bayan kowane wasa, don a 2024 ya dawo da wasu tsofaffi irin su Desolation Row da All Along the Watchtower, amma su ma cikin sabuwar riga. Sannan in yana da hali ya nemi kujera ta ɓangaren da zai iya hango fuskarsa a bayan fiyano. Na kuma ce masa, in abin da yake so shi ne ya tashi ya yi rawa, ya rera abin da ya haddace tare da dubban mutane, ya ɗauki bidiyo ya tura wa abokai, to ya adana kuɗinsa, akwai mawaƙan da suka ƙware a wannan, kuma ba laifi ba ne mutum ya so hakan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffa, zan je."

Waƙar ƙarshe a daren Landan ita ce Every Grain of Sand, ta faifansa na 1981, waƙar mutumin da ke duba rayuwarsa yana ganin ikon Mahalicci a cikin ƙananan abubuwa. Da ya gama baitocin sai ya ɗauko hamonika, 'yar ƙaramar abar busar nan da aka san shi da ita tun yana saurayi, ya kai baki. Sautin farko yana fita zauren ya ɗauki sowa, sannan kowa ya sake yin shiru don kada ya rasa sauran. Na waiwaya na ga matar nan ta gefena tana share ido da bayan hannu. Ya gama, ya fito tsakiya, makaɗansa suka jeru a gefensa, suka tsaya ƙyam suna kallonmu muna tafi a tsaye. Fitila ta mutu. Muka yi ta tafi muna jiran ya dawo ya ƙara ko guda ɗaya, kamar yadda aka saba a irin waɗannan wasanni. Sai fitilun zauren suka kama gaba ɗaya, ma'aikata suka fara naɗe wayoyin lasifika, mu kuma muka bi layi zuwa bakin ƙofa a buɗe mana jakunkunanmu.